Aron Kunne a Dapaong

Ranar da na sauka Sokodé, ko ruwa ban sha ba Alhaji Mumuni ya karɓi fasfona da katin shaidata. Ba fizga ya yi ba. Da murmushi ya miƙo hannu, ya ce za a kai su ofis a yi mini takardar zama, kwana goma in ta daɗe. Ina kallo ya ja aljihun teburinsa ya jefa su ciki, kusa da tasbaha da man zafin gwiwa, ya murɗa ɗan makulli. Ni kuwa har godiya na yi masa, ina cewa a raina ga mutum mai tsari. Shekarata hamsin da uku a lokacin, da furfurata da komai.

Ni mutumin Gusau ne. Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin injuna na gidan rediyo, ba a taɓa jin muryata a iska ba, amma duk muryar da aka ji ta hannuna ta bi. Da na yi ritaya zama ya ishe ni, sai wani direban babbar mota ya kawo labarin wani attajiri a Togo mai gidajen rediyo biyu da ke neman wanda ya san sauti. Aikin wata uku. Matata Binta ta ce in je, ko banza ta huta da gyaran rediyon maƙwabta a tsakar gidanta.

Alhaji Mumuni jikan fatake ne, irin waɗanda kakanninsu suka biyo hanyar goro suka yada zango ba su koma ba. Siminti yake sayarwa da kayan babur. Rediyo kuwa kiwonsa yake yi don suna, yadda wani zai yi kiwon ingarma. Hausarsa tana da daɗi, sai dai kowace jimla sai ya tsoma mata Faransanci, ni kuma Faransancina bai wuce gaisuwa ba.

Gidan rediyon yana saman wani bene a bayan babbar kasuwa. Da na kunna na saurara na gane ciwon nan take: murya tana fita a kwance, kamar mai azumi da la'asar. Ga akwatin gyaran murya, wanda mu ’yan aiki muke kira furosesa, sabo fil, an saya da tsada an jona shi ba wanda ya san inda ake murɗawa.

Wannan kuwa gonata ce. Iska tana da shuuu nata, kuma siririn sauti shi ta fi ci, wato kaifin da ke cikin harafin “sa” da “sha” da karan kuge. Don haka kafin mu tura murya sama sai mu ƙara mata kaifi fiye da kima, in ta isa gida akwatin rediyo da kansa zai sauke kaifin ya koma daidai, shuuu ɗin ya sauka tare da shi. Sannan kowace tasha tana da iyakar da ba za ta ƙetare ba don kada ta shiga gonar maƙwabciya. In kana son ka fi kowa amo ba tare da ka ƙetare ba, sai ka danne muryar, ka cusa ta yadda ake cusa auduga a buhu, duk kan da ya leƙo sama ka aske shi. Sanin iya dannawa da iya askewa shi ne sana’ar, kuma da kunne ake yinta, allurar mita shaida ce kawai.

Mako biyu na yi ina murɗe-murɗe. Da na gama, in ka juya rediyo ka iso kanmu sai ka rage ƙara. Wani mai sayen doya ya zo daga Kambolé ya ce yanzu har can ana kama mu ba sai an ɗaga eriya ba. Alhaji ya ɗinka mini riga, ya riƙa nuna ni ga baƙi a shagonsa yana cewa, “Ga tekinisiyan ɗina, daga Nijeriya na ɗauko shi.” Kaina ya kumbura. Ko tunawa da fasfo ban yi ba.

Sai ya zo da maganar intanet. Rabin dangin garin nan suna Turai, musamman Jamus, kuma suna son su riƙa jin sanarwar rasuwa da suna da wa’azin Juma’a a wayoyinsu. An kawo kwamfuta an saita mata komai, saura a ba ta murya. Na ce wannan ai ba aiki ba ne. Na ɗauki waya na jona daga bakin furosesa, inda muryar ta gama kwalliya, na kai wa kwamfutar. A ganina na ba mutanen Jamus tsokar da ta fi kowace daɗi.

Kwana uku aka yi Alhaji ya aiko a kira ni shago. Ya ajiye wayarsa a kan tebur ya danna. Muryar wata dattijuwa ce, yayarsa da ke Jamus, tana faɗa cikin yaren Kotokoli. Ya fassara mini: wai rediyon kamar ana suyar kifi a bayan mai magana. Ya danna wani saƙon, wannan ya ce kamar liman yana huɗuba cikin randa. Na uku ya ce minti goma in ya saurara sai kansa ya yi ciwo.

Na karɓi wayar, na buɗe tashar, na kara a kunne. Murya ce tsaf.

“Alhaji, wayoyinsu ne.”

“Duk Jamus wayarsu ta lalace rana guda, Malam Isiyaku?”

“To intanet ɗinsu ne.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Na Jamus ɗin?”

Na koma na yi abin da na iya. Sun ce ba sa jin magana sosai, to maganin rashin fitar magana a wurinmu kaifi ne, sai na ƙara. Ƙorafi ya ƙaru, na ƙara dannawa. Na canza waya, na canza kwamfuta, na goge kowane soket da kananzir. Kullum in saurara in ji lafiya lau, kullum saƙonni su shigo. Na fara zargin akwai mai yi mini zagon ƙasa a cikin ma’aikata, har na daina amsa gaisuwar wani mai karanta labarai da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da wata uku suka cika na je na durƙusa na ce lokaci ya yi, a ba ni takarduna.

“Suna biro,” in ji shi, wato ofis. “Ka san aikin biro.”

Na dubi aljihun teburin. Shi ma ya duba. Sai ya bar wasan, ya ce, “Malam, ni ɗan kasuwa ne. Ba na sallamar magini gini bai kai rufi ba. Murya ta gyaru, ka tafi da albarka.”

Ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa hana ni albashi ba, kuma kullum da rana sai an kawo mini wake da shinkafa ko sakwara da wagashi, wato cukunsu na can, daga gidansa. Wannan ya fi ba ni haushi. Da yunwa ya bar ni da na san sunan abin da yake yi mini. Ofishin jakadancinmu yana can Lome, a bakin teku, tsakanina da shi shingaye ne da ba zan iya ƙirgawa ba, ba takarda a aljihu ba harshe a baki. Wa zan kai wa ƙara, da wane yare? Malaman zango da na yi wa kuka suka ce in yi haƙuri, Alhaji mutumin kirki ne, shi ya yi wa masallaci rufi.

Da Binta kuwa waya ta zama faɗa. Ta ce yara suna tambaya, gona tana jiran shuka, ni kuma sai “Me kika ce?” nake ta yi mata. “Sau uku na faɗa maka,” in ji ta. “Kuma ka daina ɗaga mini murya, ba a kasuwa muke ba.” Na ce layin ƙasar nan ne ba shi da kyau.

Farkon damina tsawa ta faɗa wa tasharsa ta biyu da ke Dapaong, can arewa kusa da iyakar Burkina. Ya ce in je in tayar da ita, kuma in ci gaba da neman maganin suyar kifi, tunda can ma na tura musu irin haɗin da na yi a nan kuma ƙorafin iri ɗaya ne. Na ce da wace takarda zan yi tafiya? Ya sa aka buga wata wasiƙa da Faransanci aka danna mata hatimin shagon siminti, ya ɗora ni a gaban motar kayansa.

Tafiyar wuni guda ce a motar da ke nishi. Muka hau tsaunukan Bafilo, muka wuce Kara, muka ƙetare kogi a Mango, ƙasa tana ta buɗewa, itatuwa suna raguwa, kuka da kaɗanya suna yawaita har na fara jin ƙanshin gida. Wannan ƙanshin ya fi komai cin raina, don na san in aka miƙe gabas daga nan ba nisa sosai. A kowane shinge direba ne ke sauka da wasiƙar ya yi bayani yana nuna ni da haɓa, ni ina zaune shiru. Buhunan simintin da ke baya sun fi ni cikakkiyar takarda.

A Dapaong lamarin tsaro ya yi tsanani saboda tashin hankalin da ake yi ta wajen iyaka, ana tambayar kati a ko’ina, kuma ban ga laifin masu tambaya ba. Direba ya sauke ni, ya koma da wasiƙar a aljihunsa, wai Alhaji ya ce kada ta ɓata. Duniyata ta koma taku ɗari: ɗakin kwana a bayan tasha, ɗakin injuna, masallacin zango a tsallaken titi, da rumfar wani mahauci Bahaushen asali da ke ajiye mini ƙashin miya yana ce mini “ɗan’uwa” ba tare da ya taɓa tambayata abin da ya kawo ni ba. Ranar kasuwa ina tsaye a ƙofa ina kallon ’yan babur suna wucewa da zabi a rataye da kwandunan tumatir daga Naki-Est. Zabin ma sun fi ni yawo.

Sau ɗaya na gwada. Na saka kayana a leda don kada a gane, na hau babur zuwa tashar mota. Mai yankan tikiti ya ce, “Kart?” Kati yake nufi. Na ce na manta a gida. Ya ce in je in ɗauko, don ko ya ɗauke ni a shingen farko za a sauke ni, kuma can ba hira za a yi da ni ba. Na dawo da ledata, na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata.

Tayar da tashar bai ɗauke ni mako ba. Suyar kifi ce ta ƙi ƙarewa.

A nan na san Madam Damigu. ’Yar ƙabilar Moba ce, sa’ata ko ta ɗan girme ni, ita ke karanta sanarwa da farashin kasuwa da yarensu kowace safiya. Hausar kasuwa take yi, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa da komai “ya” ne a bakinta. Ba mu fara da daɗi ba. Ranar farko ta shigo ɗakin injuna ba sallama ta ce, “Kai ne ya ɓata murya na? Ɗiya na ya na Abijan, ya ce ni na koma maciji, sss sss.” Na ce mata shekara ashirin da shida ina wannan aiki ba mai sayar da tumatir da ta taɓa koya mini. Ta ce ita ba ta sayar da tumatir, farashinsa take faɗa. Washegari ta kawo mini tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya a kwano, ta dire ta fita. Na cinye tas, ina jin kunya ina lashe hannu.

Wata rana da hantsi ina zaune ina duba wata waya sai ta faɗo ɗakin a guje.

“Malam! Kuran ya tafi tun ɗazu, kai ya zauna?”

Wuta ce ta ɗauke. Akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta, wanda suke kira ondila, yana gab da mutuwa. Na tashi na tayar da janareta na dawo, na tarar tana tsaye tana kallona wani iri.

“Ondila ya na kuka, fii, fii, fii. Ni na ji daga waje, ƙofa a rufe. Kai ya na kusa da shi haka.” Ta gwada da hannu, bai kai kamu biyu ba.

“Hankalina yana wani wuri.”

“Jiya ma waya na ya yi kuka a tebur naka, kai bai juya ba. Malam, kunne naka ya gaji.”

Abin da na faɗa mata ba zan rubuta shi ba. Na kore ta daga ɗakin, na ce kada ta sake taka shi. Ka ce wa mahauci wuƙarsa ta dakushe zai wasa, amma ni me zan wasa? Na zauna ina huci. Da hucin ya sauka na tashi na rufe ƙofa, na zare wayar ondila daga bango da gangan, na tsaya a kansa. Jar fitilarsa tana ƙiftawa. Na sunkuya har kunnena ya taɓa ƙarfen, sannan na ji wani ɗan abu can nesa, kamar sauro a ɗakin maƙwabci. Na mayar da wayar. Ban gaya wa kowa ba, kuma kwana huɗu ban yi wa Madam magana ba.

Allah da ikonsa, a kwana na biyar fankar furosesa ta tsaya, akwatin ya yi zafi ya kashe kansa ana tsakiyar shiri. Don kada tasha ta yi shiru na zare shi daga hanya, na haɗa teburin sauti kai tsaye da na’urar watsawa da kwamfuta. Murya ta fita tsirara, ba dannawa ba askewa. Nan da nan masu rediyo a gari suka fara kira, wai mun yi ƙasa, sai an ƙure ƙara. Ina ta gumi ina kwance fanka sai ga Madam a bakin ƙofa, ba ta shigo ba tunda na hana ta, ta miƙo wayarta daga nan.

“Ɗiya na ne. Ya ce yau kifi ya ƙare. Maciji ne ya rage kaɗan.”

Na ajiye sukudireba. Na ce ta shigo.

Da rana tsaka na kira Garba, tsohon abokin aikina da ya koma Kaduna yana aiki da sababbin na’urori, mutumin da na daɗe ina yi wa dariya ina ce masa ɗan kwamfuta. Na haɗiye girman kai na gaya masa komai, ban da maganar kunne. Ya yi dariya har da tari.

“Isiyaku, abincin iska ka ba waya! Kaifin da kake ƙarawa rediyo ne ke sauke shi, wayar hannu ba ta san an yi ba, haka za ta zuba wa mutum shi a kunne. Sannan ita kwamfuta sheƙe murya take yi kafin ta tura, ta zubar da abin da take ganin kunne ba zai nema ba, don hanyar ƙarama ce. Kai kuma ka aske kawunan sauti ka cika shi da ɓarɓashi, ta rasa gane tsaba da ƙaiƙayi, ta riƙe ƙaiƙayin ta zubar da tsaba. Can babu shuuu da za ka yi kokawa da shi. Raba musu hanya tun daga tebur. Na waya ka bar shi ya sha iska, ka dai tsare shi kada ya taɓa rufi, don dijital ba ya lanƙwasa, fashewa yake.”

In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, na sha faɗa wa yara wannan, ban taɓa zaton ni za a faɗa wa ba. Na raba hanya a ranar. Furosesa ya koma wa iska shi kaɗai, kwamfuta ta samu nata daga tebur, da wani ɗan tsohon akwati da na tono a sito don ya riƙa daidaita hawa da sauka a hankali. Suya ta tafi. Saura macijin, kuma na riga na san inda yake kwance. A kan teburin sauti kowane makirufo yana da abin murɗa kaifi, kuma tun zuwana na murɗe su duka kusan ƙarshe, don a nan ne nake jin magana ta fito.

Washegari bayan ta gama shirinta na ce, “Madam, ki ara mini kunnenki.”

Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ja kujera ta zauna, ta saka abin sauraro a wayarta, muka sa faifan muryarta na safe. Aikin yana da ban haushi, don abin da ya fita a intanet sai ya yi kusan rabin minti kafin ya iso waya. In murɗa, mu zauna muna kallon juna kamar masu jiran hukunci, sannan ta yamutsa fuska ta ce, “Rage.” In rage, mu sake jira. “Rage kuma.” Ni ina sanye da nawa abin kunnen ina jin muryar tana dusashewa, tana nutsewa, har ta koma kamar mai magana da bargo a ka. Hannuna ya ƙi. Na ce, “Madam, an kashe ta. Ba wanda zai gane wannan.”

“Rage kaɗan.”

Na rage. Muka jira. Sai na ga fuskarta ta saki, ta dafa ƙirji.

“Yawwa. Wannan ni ne. Haka murya na yake.”

Na dubi inda abin murɗawar ya tsaya. Tsakiya ne cif, inda masu ƙera teburin suka sa alama, wurin da ba ƙari ba ragi. Wato duniya tana nan yadda take, ni ne na yi nisa. Shekara ashirin da shida na abin kunne a ƙure da rurin injuna sun ci rabonsu ba tare da sun yi mini sallama ba. Na tuna mai karanta labaran da na daina gaisarwa, na tuna Binta da “sau uku na faɗa maka”, kunya ta rufe ni. Madam ta buɗe jakarta ta ciro jan farce, ta ɗiga ɗigo a kan kowane abin murɗawa daidai inda ya tsaya. “Ko kai ya manta, ido ya gani,” in ji ta. Har furosesan iska muka sake bi da kunnenta, muka sauke rabin abin da na ɗora masa, kuma ba wanda ya kira ya ce mun yi ƙasa.

Na yi wa ma’aikatan Sokodé bayani ta waya suka yi irin haɗin. Kafin mako ya zagayo yayar Alhaji ta aiko saƙo tana sa albarka. Motar siminti ta zo ta ɗauke ni. Madam ta rako ni bakin titi da ƙullin gyaɗa, ta ce in gaida “madam naka”. Ban iya ce mata komai ba sai na gode, na gode, kamar wanda aka koya wa kalma ɗaya.

Na iso shagon Alhaji bayan azahar, cike da mutane, ’yan kasuwa da malaman zango ana shan shayi. Ya tashi ya rungume ni. Ya ce a ba ni kujera. Na zauna ina satar kallon aljihun tebur.

“Malam Isiyaku,” in ji shi, “na yi shawara. Zan buɗe ta uku a Kara. Shekara biyu za ka ƙara mana. Zan ba ka gida, in kana so a ɗauko iyali. Kunne irin naka ba a sakinsa, ko ba haka ba jama’a?”

Jama’a suka ce haka ne.

Da na kasa an riƙe ni, yanzu na iya an riƙe ni, an gudu ba a tsira ba. Wata bakwai ke nan. Na duba ko’ina a raina ban ga ƙofa ba sai guda ɗaya, kuma ita ce wadda na fi ƙi. Sunan da na yi shekara ashirin da shida ina ginawa, wanda ko Garba ban bari ya taɓa ba, shi ne kuɗin fita. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Alhaji, ba ni na gyara ba.”

Alhaji ya dube ni ta saman tabarau.

“Ni na ɓata. Kunnena ya mutu ta sama, siririn sauti ba ya shiga, shi ya sa duk abin da mutanen Jamus suke faɗa ban ji ba, na yi ta ƙara musu azaba. Madam Damigu ce ta ji, ni hannu kawai na ba ta. In ka kai ni Kara zan sake ɓata maka. Ita ce kunnen gidanka, ka riƙe ta da daraja.”

Ya yi dariya, ya ce wayon ’yan Nijeriya ya fi ƙarfinsa, mutum zai ƙaƙaba wa kansa kurumta don ya gudu. Ya tashi yana zagaya shagon yana ba mutane labarin yadda na sa aka kama tasharsa a Kambolé, ya bi ta bayana, muryarsa ta tsaya. Ni ina zaune ina jiran ya ci gaba. Sai na ga mutanen da ke gabana sun daina kurɓar shayi. Wani malami ya sunkuyar da kai. Wani ya ce, “Wayyo.” Na waiga. Alhaji yana tsaye, ya cire agogon hannunsa mai ƙararrawar sallah, ya riƙe shi dab da kafaɗata. Ban san tun yaushe agogon yake kuka ba.

Ya danna ya kashe. Ya koma mazauninsa a hankali, ya laluba aljihu ya ciro ɗan makullin. Fasfona da katina suna nan inda ya jefa su ranar farko, man zafin gwiwa ya ɗan zuba a bangon. Ya goge da hannun riga, ya turo mini su ta kan tebur ba tare da ya dube ni ba.

“Ashe kurma na tsare wata bakwai ina ciyarwa,” in ji shi.

Na sa hannu biyu na karɓa. Wannan maganar kam na ji ta sarai, don muryar Alhaji mai kauri ce.